RUWA YANA BIN GISHIRI: YADDA RUWA KE SHIGA DA FITA A JIKIN MAI RAI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Masu shirya taro sun nemi in yi magana a kan wani fanni na kimiyya wanda ya shafi rayuwar mutanenmu na gida. Na zaɓi in yi magana a kan ruwa, tun da Hausawa sun ce ruwa abokin aiki. Ruwan da nake nufi shi ne wanda ke cikin jikinmu da jikin dabbobinmu da shukokinmu, da kuma dokar da yake bi wajen shiga da fita. Dokar ƙarama ce, ana iya faɗinta cikin kalmomi huɗu: ruwa yana bin gishiri. Ina fata kafin in sauka daga wannan wuri za mu yarda cewa uwar da ta fahimci wannan doka tana iya ceton ran ɗanta da abin da ke cikin madafinta, manomi kuma yana iya tsare amfanin gonarsa.

Ƙwayar halitta da tantaninta

Duk wani mai rai, mutum ne ko akuya ko dawa, an gina jikinsa da wasu 'yan ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana kama da 'yar salka cike da ruwa, a cikin ruwan kuma akwai gishiri da sukari da wasu sinadarai a narke. Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin baligi ruwa ne, na jariri kuwa ya kai kusan kashi 75. Kashi biyu cikin uku na wannan ruwa yana cikin ƙwayoyin halitta, sauran yana kewaye da su da kuma cikin jini.

Abin da ya raba ruwan ciki da na waje wata fata ce siririya ƙwarai, wadda za mu kira tantani. Wannan tantani mai tsaron ƙofa ne mai zaɓe. Yana barin ruwa ya wuce cikin sauƙi, amma gishiri da sukari ba su wucewa sai ta wasu ƙofofi na musamman, kuma sai ƙwayar ta buɗe musu.

To, a duk lokacin da irin wannan tantani ya shiga tsakanin ruwa biyu, ɗaya tsararo, ɗaya kuma mai yawan gishiri ko sukari, sai ruwa ya riƙa tsattsafawa daga ɓangaren tsararon zuwa ɓangaren da abin da aka narkar ya fi yawa. Haka zai ci gaba har sai ƙarfin ɓangarorin biyu ya daidaita, ko kuma ɓangaren da ke karɓa ya cika ya yi tauri yadda ba zai iya karɓar ƙari ba. Wannan shi ne abin da masana ke kira osimosis. Idan na ce gishiri a wannan jawabi, ina nufin duk wani abu da ke narke a ruwa wanda tantani ya hana shi wucewa, har da sukari da kanwa da takin zamani.

Gani ya kori ji. Duk wanda ya koma gida yana iya gwada wannan da yaransa. A fere dankalin Turawa, a yanka shi sala biyu masu tsawo ɗaya. A jefa ɗaya a kofin ruwa zalla, ɗaya a kofin da aka zuba gishiri mai yawa. Bayan awa guda a ciro su. Na ruwa zalla zai yi tauri, in aka tanƙwara shi ya karye, domin ruwa ya shiga ƙwayoyinsa sun cika. Na ruwan gishiri zai yi laushi yana lanƙwasa, domin gishirin waje ya janye ruwan da ke cikinsa.

Waɗanda suka gano dokar

A shekarar 1748 wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Jean-Antoine Nollet ya cika kwalba da barasa, ya ɗaure bakinta da mafitsarar dabba, ya nutsa ta a ruwa. Bayan 'yan awoyi sai ya tarar mafitsarar ta kumbura, domin ruwa ya ratsa ta ya shiga kwalbar. A 1877 Wilhelm Pfeffer, wani Bajamushe masanin tsirrai, ya auna ƙarfin wannan ja na ruwa. Daga ma'aunansa Jacobus van 't Hoff na ƙasar Holan ya fitar da lissafin dokar, kuma wannan aiki yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta farko a fannin kimiyyar sinadarai a 1901. Sai a 1992 Peter Agre na Amurka ya nuna cewa a jikin tantanin akwai wasu 'yan kafofi waɗanda ruwa kaɗai ke bi ta cikinsu, shi ma ya sami Nobel a 2003.

Kakanninmu ba su san sunayen nan ba, amma sun daɗe suna aiki da dokar. Mai ƙiri da ke barbaɗa gishiri a ɗanyar fata don kada ta ruɓe kafin ta isa majema, da mai kifi da ke sa wa kifinsa gishiri kafin ya shanya, duk dabara ɗaya ce. Gishiri yana janye ruwan naman, yana kuma janye ruwan jikin ƙwayoyin cutar da ke sa ruɓa, su bushe su kasa yaɗuwa. Zuma ma tana shekaru ba ta lalace ba saboda yawan sukarinta yana tsotse ruwan duk wata ƙwayar cuta da ta faɗa ciki. Uwargida kuma ta san in ta yanka albasa ko kokwamba ta zuba gishiri, kafin a jima sun yi ruwa a kwano. Haka yaran da suka taɓa barbaɗa wa matsattsaku gishiri sun ga yadda yake tsiyayewa ya ƙanƙance.

A gona

Saiwar shuka ba ta da baki, ta hanyar wannan doka take shan ruwa. Ƙwayoyin saiwa suna tara sinadarai a cikinsu fiye da waɗanda ke ruwan ƙasa, don haka ruwa ke ratsowa ya shiga. Ƙwayar shuka tana da bango mai ƙarfi a bayan tantaninta, saboda haka in ta cika ba ta fashewa, sai dai ta yi tauri kamar tayar keke da aka yi wa famfo. Wannan taurin shi ke miƙar da ganyen alayyafo da yakuwa. In ruwa ya yi ƙaranci ƙwayoyin su saki, ganye ya yi yaushi.

Daga nan za mu gane abin da manoma ke nufi idan sun ce taki ya ƙone masara. Takin zamani yana narkewa a ƙasa kamar gishiri. Idan aka zuba shi da yawa a gindin shuka, musamman in ƙasa ba ta da danshi sosai, ruwan da ke kewaye da saiwa sai ya fi na cikin saiwar ƙarfi. Nan take tafiyar ruwa ta juya, shuka ta riƙa zubar da nata ruwan maimakon ta sha, ganye ya bushe daga baki. Shi ya sa malaman gona ke cewa a sa taki ɗan nesa da gindi, a binne shi, a kuma jira ƙasa ta jiƙa.

Masu noman rani suna da irin wannan matsala ta wata fuska. Duk ruwan ban-ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri. Rana tana ƙafar da ruwan, gishirin ya zauna a ƙasa. In babu magudanar da za ta wanke shi, shekara da shekaru sai a fara ganin fari-fari kamar kanwa a saman kunya. A irin wannan fili tumatir yana iya mutuwa da ƙishirwa alhali ƙasa a jiƙe take. Gyaran magudana a fadama yana da muhimmanci daidai da sayen injin ban-ruwa.

A jikin mutum

Ƙwayoyin jikinmu ba su da bango irin na shuka, tantani kaɗai gare su. Idan aka sa jajayen ƙwayoyin jini a ruwa zalla, ruwa zai yi ta shiga har su fashe. Idan aka sa su a ruwa mai gishiri da yawa, sai su tsiyaye su yanƙwane. Saboda haka ruwan da ake ƙara wa majiyyaci a asibiti an auna shi daidai da ƙarfin jini: giram 9 na gishiri a lita ɗaya. Ruwan teku kuwa yana da kimanin giram 35 a lita, shi ya sa wanda ya sha shi ƙishirwarsa ke ƙaruwa, domin ƙoda na buƙatar ruwa fiye da wanda aka sha kafin ta fitar da gishirin.

Ƙodojinmu suna tace kimanin lita 180 na ruwa daga jini a kowace rana, amma fitsarin da ke fita kimanin lita ɗaya da rabi ne kawai. Sauran yana komawa jini, domin ƙoda tana mai da gishiri, ruwa kuma ya bi shi. Mai ciwon sukari yana yawan fitsari da ƙishirwa ne saboda sukarin da ya yi wa jini yawa yana zuba cikin fitsari, ya ja ruwa ya fita da shi.

Haka abin yake a hanji. Tsakanin abin da muke sha da yawu da sauran ruwan narkar da abinci, kimanin lita 8 zuwa 9 ke bi ta hanjin baligi kullum. Hanji ba ya kama ruwa kai tsaye. Gishiri yake ɗauka ya tura cikin jini, ruwa ya bi bayansa, har abin da ke fita da bahaya ya zama ɗan kaɗan.

Inda dokar ke kisa, da inda take ceto

Jama'a, a nan ne maganar ta zo kan 'ya'yanmu. Ƙwayar cutar kwalara, wato amai da gudawa, tana fitar da wani dafi da ke sa ƙwayoyin hanji su riƙa zubar da gishiri cikin hanji maimakon su ɗauka. Ruwa kuma, bisa dokarsa, sai ya bi gishirin. Ga gudawar nan kamar ruwan wankin shinkafa, wadda in ta tsananta tana iya raba baligi da kusan lita guda a awa ɗaya. Jini ya ragu, ido ya faɗa, fata in an tsunkule ta ta ƙi komawa, maɗigar jariri ta loɓa, fitsari ya ɗauke. Mutumin da ya tashi lafiya da safe yana iya rasuwa kafin dare, kuma rashin ruwa ne ya kashe shi. Kwalara ta sake shigowa Afirka ta Yamma a 1970, tun daga lokacin kuma ba ta daina dawowa ba. A 2021 an sami fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Ban da kwalara ma, gudawar yau da kullum tana cikin manyan abubuwan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

A da, magani ɗaya ne, wato ƙarin ruwa ta jijiya, wanda ke buƙatar asibiti da allura da ma'aikaci. Sai a 1960 wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana cewa a jikin hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare. Daga baya aka gano cewa dafin kwalara ba ya lalata wannan ƙofa. Ma'ana, in aka ba majiyyaci ruwa mai gishiri da sukari bisa ma'auni, su biyun za su shige ta wannan ƙofa zuwa jini, ruwa kuma ya bi su, ko da gudawar ba ta tsaya ba tukuna.

An gwada wannan a fili a 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangladash. Kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare, mutane suna mutuwa kusan 30 cikin ɗari. Wani likitan yara ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan durom, ya koya wa 'yan'uwan majiyyata su riƙa ba su da kofi. A cikin mutum fiye da 3,000 da aka yi wa haka, mace-mace suka sauko ƙasa da 4 cikin ɗari. Daga 1980 zuwa 1990 kuma ƙungiyar BRAC ta tura mata gida-gida a ƙauyukan Bangladash, suka koya wa iyaye mata kimanin miliyan 12 yadda za su haɗa ruwan da gishiri da mazarƙwailar ƙasarsu. Wannan aiki, tun daga sansanin har ƙauyukan, an yi shi ne da kofi da hannun uwa.

Muhimmancin ma'auni

Amma fa dokar da ke ceto ita ce ke cutarwa in aka kuskure awo. Idan sukari ya yi yawa, ruwan da ke cikin hanji zai fi jini ƙarfi, sai ya janyo ruwa daga jiki, gudawa ta ƙaru. Wannan ne dalilin da ya sa lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi ba su dace da yaro mai gudawa ba, duk da cewa da kyakkyawar niyya ake saya masa. Idan gishiri ya yi yawa, zai taru a jini ya janye ruwa daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, yaro ya fara jijjiga. Ruwa zalla shi kaɗai kuma ba ya mayar da gishirin da ya zube. Saboda wannan lissafi ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka rage yawan gishiri da sukarin da ke cikin ƙullin ORS a 2002, domin an ga tsararon haɗi ya fi rage gudawa da amai. A 2004 kuma suka ƙara da shawarar a haɗa da ƙwayar zink.

Ga yadda ake yi. Ƙullin ORS da ake samu a asibiti da kantin magani shi ne ya fi, domin yana ɗauke da sinadarin fotashiyam wanda gudawa ke zubarwa. A karanta jikin ƙullin, a zuba shi duka a yawan ruwan da aka rubuta, yawanci lita ɗaya, kuma ruwan ya zama tafasasshe ko mai tsabta. Lita ɗaya ita ce ruwan leda biyu masu rabin lita. Kada a raba ƙulli da ido, kada kuma a rage ruwa don wai maganin ya yi ƙarfi. In babu ƙulli a kusa, a zuba sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokalin shayi a lita ɗaya, a shafe kan cokalin kada ya yi tozo. A ɗanɗana: gishirinsa kada ya wuce na hawaye. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali ko kofi bayan kowace gudawa. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Kada a janye masa nono ko abinci. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zink kuma a ba shi kwana 10 zuwa 14 kamar yadda ma'aikacin lafiya ya tsara.

Akwai lokacin da gida ba ya isa. Idan yaro ya kasa sha, ko yana aman duk abin da aka ba shi, ko ya galabaita ba ya gane mutane, ko akwai jini a bahayansa, ko da ma yana fama da tamowa, to a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ana tafe ana ba shi ruwan in yana iya haɗiya. Haka duk wanda ake zaton kwalara ce ta kama shi, babba ko yaro.

Kammalawa

'Yan'uwa mazauna birni, mu ne ake bugo wa waya daga gida idan ciwo ya tashi, kuma sau da yawa abin da muke iya yi shi ne mu aika da kuɗin mota da na magani. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ruwan jikinsa ya ƙare a hanya, kuɗinmu ba ya riskarsa. Don haka ina ba da shawara uku. Ta farko, duk wanda zai je gida kafin damina ya sa ƙullin ORS da zink a cikin tsarabarsa, ya bar su a hannun iyaye mata. Ta biyu, kada ya tsaya ga miƙawa, ya zauna ya haɗa a gabansu, da cokalinsu da kofinsu, su ma su haɗa a gabansa, ya kuma gaya musu dalilin awon, domin wanda ya san dalili ba ya ƙara cokali. Ta uku, a roƙi malaman makarantunmu su yi wa ɗalibai gwajin dankalin nan, tun da ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, sai kofi biyu da gishiri. Tsabtar rijiya da nisanta masai daga gare ta suna nan a matsayinsu, domin rigakafi ya fi magani.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, ya mai da kowa gidansa lafiya.